Tayar da Za Ta Kai Ni Fili, Ta Dawo da Ni Gida

Duk girman babur, duk tsadarsa, abin da ke taɓa ƙasa a jikinsa bai wuce faɗin katin ATM biyu ba, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Inji mai ƙarfin doki 100 da ɗoriya, da birki, da nauyin ƙarfe, da nauyin mutumin da ke kai, duk ta waɗannan 'yan wurare biyu suke magana da kwalta. Na'urorin zamani da ke hana taya cijewa ko zamewa ba sa ƙirƙirar riƙo, wanda yake akwai suke tattalawa. Idan robar ta saki ƙasa, ta saki ke nan. Shi ya sa a wajen masu hawan babur a filin tsere babu gardamar da ta kai ta taya tsawo.

Ga wanda bai san harkar ba, a nan Ingila filayen tsere irin su Donington Park da Cadwell Park da Brands Hatch suna da ranakun da babu gasa, sai a buɗe su ga duk mai lasisi da babur da hular kwano da rigar fata. Ka biya kuɗinka, a sa ka a ɗaya daga cikin rukuni uku: sababbin shiga, 'yan tsaka-tsaki, da gwanaye. Kowane rukuni yana samun kamar minti 20 a kowace awa, tun safe har yamma. Babu kofi, babu na ɗaya babu na biyu, yawanci ma an hana auna lokaci. In tsere sukuwa ce, to wannan kilisa ce, sai dai kilisar da ake haura kilomita 200 a awa idan hanya ta miƙe. Ni dai ranar fili nake ce mata.

Mutane iri biyu ne ke zuwa ranar fili. Akwai masu zuwa da motar kaya, su sauko da babur ɗin da ba shi da fitila ba shi da lamba, su fito da janareta, da tayoyi na rani da na ruwa, da bargon lantarki da ake naɗe taya da shi don ta yi zafi kafin a fita. Akwai kuma irinmu, masu hawo babur ɗinsu tun daga ƙofar gida da jaka a baya. Ina zaune a Leicester, aikina rubuta manhaja, gidan da muke haya ba shi da gareji balle wurin ajiye motar kaya. Babur ɗina Honda CBR600RR ne na hannu. Da shi nake zuwa ofis ranar da rana ta ga dama ta fito, da shi nake zuwa fili. Saboda haka tayar da zan saya dole ta yi aiki uku: ta kai ni da sanyin asuba, ta riƙe ni a kwana da rana, ta kuma dawo da ni da yamma ko da ana ruwa. Kuma dole doka ta yarda da ita. A Ingila, babur da ya wuce cc 50 sai zurfin haƙoran tayarsa ya kai aƙalla milimita 1 a kashi uku cikin huɗu na faɗinta. Tayar tsere ta asali sumul take kamar an suɗe ta, a gefenta akan buga haruffa uku, NHS, wato ba ta hawa titi ba ce. Haruffan nan uku su ne kuma sunan hukumar asibitocin Ingila, kuma wanda ya hau titi da irin wannan taya cikin ruwan sama yana iya gamuwa da ma'anar ta biyu.

Ko a cikin waɗanda doka ta yarda da su, tayoyin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai na doguwar tafiya, irin su Michelin Road 6 da Pirelli Angel GT, masu yawan zane, masu jure ruwa, masu daɗewa. Sama da su akwai na gudu a titi, irin su Bridgestone S22 da Pirelli Diablo Rosso IV da Michelin Power 5 da Metzeler M9 RR. Sama da waɗannan sai waɗanda zuciyarsu ke fili, ƙafarsu ɗaya kawai ke titi: Supercorsa SP, Power Cup 2, Racetec RR K3. Zanensu ɗan kaɗan ne, gefensu ma sumul. Can ƙoli kuma akwai tayoyin gasa zalla da aka ɗan yi wa tsaga don cika sharaɗin wasu gasanni, kamanninsu ɗaya da na ƙasa da su, harafi ɗaya ko biyu ne ya raba sunansu. Supercorsa SP ta titi ce, Supercorsa SC ta gasa ce. Mai gaggawa a intanet ba lallai ya lura ba.

Zuciya tana son na saman. Ban ga laifinta ba. Pirelli ce ke ba gasar Superbike ta duniya taya tun 2004, Michelin kuma ta karɓi MotoGP a 2016, to wa zai ƙi a ce tayarsa 'yar'uwar ta waɗancan ce? Ga shi kuma lissafin kamar a fili yake: na sama sun fi riƙo, riƙo shi ne lafiya, saboda haka mai son ransa ya sayi na sama. A nan ne lissafin yake da rami.

Riƙo ba abu ne da aka zuba a cikin taya kamar man da ke cikin tanki ba. Yana zuwa yana tafiya, kuma zafi ne ke kawo shi. Wanda ya taɓa mance cingam a aljihu da sanyin hunturu ya san yadda yake karyewa kamar busasshen kara, amma minti ɗaya a baki ya zama danƙo. Roba haka take. Idan ta yi ɗumi tana laushi, ta shiga ƙananan ramukan kwalta ta kama su, ta kuma manne da fuskar duwatsun da ke ciki. Idan ta yi sanyi sai ta ƙage, ta riƙa bi ta saman ramukan ba tare da ta shiga ba. Idan kuma zafin ya wuce kima sai ta yi lagwada, ka ji bayan babur yana yawo kamar an zuba mai. Kowane haɗin roba yana da iyakar ƙasa da ta sama, kuma masu haɗawa ne suke zaɓar inda za su ajiye iyakokin. Tayar titi ana cika ta da silika, sinadarin da ke cikin yashi, don ta fara aiki tun da ɗan ɗumi, ta kuma kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Tayar gasa an haɗa ta ne don zafin da ya kai digiri 80 ko fiye, shi ya sa ake naɗe ta a bargon lantarki kusan awa guda kafin a fita. Kuma bargon farawa kawai yake yi. Abin da ke riƙe zafin shi ne mahayi: birki mai ƙarfi, totur mai ƙarfi, taya tana lanƙwasa tana miƙewa a ƙarƙashin nauyi. Lilon da wasu ke yi dama da hagu a zagayen farko ba ya ƙara wani abin kirki. Gwani yana fita da taya mai zafi ya dawo da ita da zafi. Ɗan tsaka-tsaki irina, da zai sa wannan tayar, zai fita da ita da zafi ta riƙa hucewa a ƙarƙashinsa zagaye bayan zagaye, a daidai lokacin da shi kuma jikinsa ya saki yana ƙara kwantar da babur.

A wajen aiki muna da wata magana da duk mai rubuta manhaja ya taɓa ji: "Ai a kwamfutata yana aiki." Mutum ya gina manhaja a kan kwamfuta mai ƙarfi, da intanet mai gudu kamar ruwan famfo, ya gwada komai lafiya lau. Sai ta faɗa hannun wanda aka yi ta dominsa, mai ƙaramar wayar Android da ta cika da hotunan biki, a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ta tsaya cak. Babu wanda ya yi ƙarya. An dai gwada ta a duniyar da ba ta mai amfani da ita ba. Da wannan idon nake karanta gwajin tayoyi a mujallu. Sau da yawa tsohon ɗan tsere ne ke gwajin, a wani fili mai rana a Sifen ko Italiya, da ma'aikatan kamfani suna auna masa iska duk fita. Abin da ya ce gaskiya ne a kan babur ɗinsa, a hannunsa, a wannan rana. Ni kuma tambayata ita ce me tayar za ta yi da ƙarfe tara na safe a watan Afrilu a tsakiyar Ingila, kwalta na digiri 8, ga mutumin da ya kwana yana neman kuskure a cikin layukan manhaja.

Na taɓa ganin amsar da idona a wani fili. Wani mutum ne a rukuninmu, babur ɗinsa sabo fil, ya ninka nawa kuɗi sau uku, tayoyinsa na gasa, da bargonsa da komai. Aka kira mu, ya cire bargo ya shiga layi, sai aka tsayar da mu kusan minti goma ana share tsakuwa daga wata kwana. Iska na kaɗawa, muna zaune a kan babura. A zagaye na biyu yana gabana da 'yar tazara, ya kwanta a wata kwanar hagu da gudun da ni ma da shi na shige ta, sai kawai gaban babur ɗin ya tafi. Babu ƙara, babu gargaɗi. Na wuce shi yana birgima a tsakuwa, aka ɗaga jar tuta, motar asibiti ta shiga. Da rana na gan shi zaune a bakin motarsa an rataye masa hannu, ƙashin kafaɗa ya karye. Ni da na bi ta wurin da tayar titi mai rahusa a kan tasa, ko motsi ba ta yi ba. Ban fi shi iyawa ba. Tawa ta riga ta farka, tasa ta koma barci.

Cewa kwanar hagu ce ma yana da dalili. Yawancin filayen Ingila ana zagaya su ne ta hannun agogo, kwanonin dama sun fi yawa, saboda haka gefen hagu na taya yakan daɗe bai taɓa ƙasa ba, iska tana hura shi. A Donington kana fita Redgate, wadda ta dama ce, sai hanya ta gangara cikin Craner Curves, inda za ka juya babur zuwa hagu da gudu, a kan gefen da bai yi aiki ba tun ƙarshen zagayen baya. Duk mai koyarwa a wurin sai ya ja kunne kan wannan gangara da safe. Manyan ma ba su tsira ba. A Sachsenring ta Jamus kwanonin hagu 10 ne, na dama 3, har sai da ake yi wa 'yan MotoGP taya mai gefe biyu daban-daban, hagu mai tauri don ya jure, dama mai laushi don ya yi saurin kamawa.

Akwai wani dattijo da ke zuwa fili da motarsa yana sa wa mutane taya, irin mutanen nan da hannunsu ya yi baƙi har ba ya wankuwa. Na kai masa tambayata wata rana da hutun rana, na lissafa masa sunaye huɗu da na rubuto a waya. Bai ko kalli wayar ba. Ya tsuguna ya shafa tayata ta baya da tafin hannu, ya tambaye ni rukunin da nake, da ko a mota na kawo babur ɗin. Da na ba shi amsa sai ya ce, "Yaro, wannan tayar ba ta ma san ka hau ta ba tukuna. Ranar da ta fara kuka za ka ji, sai ka zo mu yi magana." Kuɗi ne fa ya ƙi karɓa, domin yana da na saman a motarsa.

Abin da ya karanta da hannunsa kowa na iya koya. Tayar da ke aiki a zafin da ya dace fuskarta takan yi ɗan kaushi mai kyau, bai-ɗaya, kamar rairayin da iska ta shafa. Wadda ake tursasawa alhali cikinta da sanyi takan yayyage, ka ga tsaga mai zurfi da farce zai shiga. Wadda zafi ya yi wa yawa kuwa samanta ne ke narkewa yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana. Ina ɗaukar hoton tayoyina bayan kowace fita, in rubuta zafin gari da awon iska a wani jadawali, halin aiki ba ya barin mutum. Ina kuma bin ƙa'idar da muke bi idan manhaja ta rikice: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza iska da shokazoba da taya a fita ɗaya, in abu ya gyaru bai san dalili ba, in ya ɓaci ma haka.

Iska ita ce abin da ya fi arha kuma ya fi tasiri. Littafin babur ɗina ya ce 36 a gaba, 42 a baya, a ma'aunin psi da ke jikin gejin kowane mai faci. Wannan awo na titi ne, an yi shi da tunanin goyo da kaya da doguwar tafiya. A fili ana ragewa, domin taya ta ɗan baje ta ƙara faɗin abin da ke taɓa ƙasa, ta kuma yi saurin ɗumi. Iskar da ke ciki tana hawa da zafi, kusan awo 1 a duk digiri 6, saboda haka wanda ya shiga da 42 zai iya fitowa da abin da ya doshi 48, taya ta yi tauri kamar ƙwallo. Ni nakan fara da 31 a gaba da 30 a baya da sanyinsu, in auna da zarar na sauka. In sun hau da uku ko huɗu, na san suna aiki. Amma wannan na irin tayata ne. Wasu tayoyin gasa na baya ana sa musu ƙasa da haka sosai saboda ƙirar jikinsu daban ce, kuma kwafar awon maƙwabci a fili kamar shan maganin da aka rubuta wa wani ne.

Akwai wata kasuwa da ke ci a gefen fili, wadda duk wanda ya tashi a Kano zai gane ta tun daga nesa. 'Yan tsere kan sayar da tayoyin da suka yi gasa ɗaya ko biyu da su a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu. Ka duba ka ga haƙora da sauransu, suna kuma babba. Tayar Beljiyam ke nan da Turanci a bakinta. Abin da ido ba ya gani shi ne duk lokacin da robar gasa ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri, man da ke cikinta yana fitowa, wani lokaci har ka ga gefenta ya yi shuɗi-shuɗi. Haƙori na nan, danƙo ya ragu, kuma mai sayarwa kaɗai ya san sau nawa ta hau wuta. Araha ba ta ado. Ko sabuwa zan saya sai na duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar Boxer ɗin ɗan acaɓa da ta motar gida ma akan same su da irin wannan lamba ga mai son dubawa.

A ƙarshe a hawa na biyu na tsaya. S22 na sa, gaba 120/70 baya 180/55, duka a kan rim mai inci 17, kuma da na ɗauki ɗaya daga cikin takwarorinta ban jin zan gane bambanci da idona a rufe. Ta baya tsakiyarta da tauri don titi, tana ƙara laushi zuwa gefe don kwana. Gaba da baya iri ɗaya na sa, domin lanƙwasar jikinsu tare aka tsara ta. Fam 300 da 'yan kai suka tafi, na yi kilomita 160 a hankali a titi kamar yadda ake shawarta kafin in kai ta fili.

Na san abin da na bari. Na hawa na uku sun fi kaifi, babur yana faɗawa kwana da su da ɗan taɓi kawai, kuma a hannun gwani da rana tsaka a watan Yuli tawa za ta yi lagwada tasu tana nan daram. Lissafin kwanciya ma a fili yake: babur da ya kwanta digiri 45 yana neman taya ta riƙe ƙarfin gefe daidai da nauyinsa, a digiri 60 kuwa, inda 'yan MotoGP ke kaiwa har su wuce, ya zama ninki 1.7. Ni ina can ƙasa da 45, matakin ƙafata ma bai fara goga kwalta ba. A gefen tayata ta baya akwai wani siririn layi da bai taɓa ganin ƙasa ba. Turawa suna yi wa wannan layi laƙabi da kaza don tsokanar matsorata, har akwai masu goge shi da takardar yashi kafin su fito. Nawa yana nan, faɗin ɗan yatsa, yana raguwa kaɗan-kaɗan duk shekara.

Matata ba ta shiga maganar roba da silika. Ranar da ta ga rasit ɗin tayoyin a kan tebur, ta juya shi sau biyu ta ce, "Yallaɓai, wannan ita ce wadda ta fi kowacce?" Na ce a'a, akwai waɗanda suka fi ta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To in an yi ruwa fa a hanyar dawowa?" Na ce nan ne ta fi su. Ta ajiye rasit ɗin ba ta ƙara cewa komai ba. Ta san Cadwell tafiyar kusan awa biyu ce daga gida, ta cikin ƙananan hanyoyin ƙauyukan Lincolnshire da taraktoci ke zubar da laka a kai, kuma ana baro fili ne da gajiya a hannu da ƙafa, rana tana faɗuwa. Tsagogin nan da gwanaye ke rainawa su ne hanyar da ruwa ke bi ya fice daga ƙarƙashin taya.

Da ƙarfe biyar idan an daga tutar ƙarshe, masu motoci sukan tura baburansu ciki su ɗaure. Ni sai in jira tayoyin su huce, in ciro ɗan famfon batir daga jaka in mayar da 36 da 42, in ɓare salatif ɗin da na rufe madubi da fitila da shi, in zagaya tayoyin da hannu ko tsakuwa ko ƙusa ta shiga, in duba zurfin haƙoran gefen dama, domin shi ne ke fara cinyewa. Na riga na kama gurbi a Cadwell a watan Afrilu mai zuwa. Bisa jadawalina ta baya za ta kai ranar ta kuma dawo, daga nan sai a canza ta, kuma irinta zan sake sawa, sai fa in dattijon nan ya shafa ya ce ta fara kuka.